Yadda Ake Amfani da Tawada Ruwan Ƙasa a Alƙalami Mai Shan Tawada

Baƙar tawada ba ta da fitina. Kowane alƙalami ka zuba ta, kowace takarda ka ɗora ta, baƙa za ta fito. Shuɗiya ma kusan haka take. Ruwan ƙasa kuwa ba ta lamuntar sakaci. Kwalba guda ce, amma a alƙalami mai siririn baki sai ta fito kamar baƙar da ta koɗe, a mai faɗin baki kuma ta fito da kyan da zai sa ka tsaya kana duban rubutunka. Da yawa sun gwada ta sau ɗaya sun ture kwalbar gefe, alhali ba tawadar ce ta gaza ba, haɗin tawada da baki da takarda ne bai dace ba.

Dalilin yana cikin kwalbar. Galibin tawada ruwan ƙasa gamin rini ce: rawaya ko ruwan lemo, da ja, da ɗan shuɗi ko baƙi don ta yi duhu. Inda ta kwanta sama-sama a takarda, rinin mai haske ne ke rinjaye. Inda ta taru, mai duhun ya danne. Don haka duk abin da ya canja yawan tawadar da ke sauka, ya canja launin kansa. Ni a ganina babu launin da ya fi shi sauƙi ga ido a dogon rubutu, kuma ya cancanci ɗan ƙoƙarin da za a yi masa.

Mataki na farko: ka tabbata ta irin wannan alƙalamin ce

A nan ake asarar alƙalami, kuma haɗarin ya fi yawa a wannan launi, domin masu zane sun daɗe suna ƙaunarsa, kasuwa cike take da tawadar zane ruwan ƙasa. Akwai sefiya ta asali, wadda ake samu daga jakar baƙin ruwan da wata halittar teku ke fesawa idan ta ji barazana. Akwai wadda ake yi da kunkunniyar itace. Akwai ta ɓawon 'ya'yan itacen da Turawa ke kira walnut. Irin waɗannan da sauran tawadar masu zane sukan ƙunshi ƙaro ko shalak, wani irin danƙo mai ƙafewa da tauri, don launin ya manne. An yi su ne don alƙalamin tsomawa, wanda ake goge bakinsa da an gama.

Alƙalami mai shan tawada, wanda Turawa ke kira fountain pen, ba haka yake aiki ba. A ƙarƙashin ƙarfen bakinsa akwai magudana, wata baƙar roba mai siririyar tsaga, ta nan tawada ke tsatsowa, iska kuma tana komawa ciki ta maye gurbinta. Idan danƙo ya bushe a wannan tsagar, ruwa ba lallai ya narkar da shi ba, shalak kuwa sam ba ya narkewa a ruwa. Saboda haka ka karanta jikin kwalba. Idan ba a rubuta ƙarara cewa ta alƙalami mai shan tawada ce ba, ka bar ta, ko da launinta ya tafi da hankalinka. Sunan Sepia a kwalbar kamfanin da ke yin tawadar irin wannan alƙalami ba abin tsoro ba ne, sunan launi ne kawai.

Mataki na biyu: zaɓen tawada

Tambaya biyu za ka yi wa kanka: da me aka yi ta, sannan ina launinta ya karkata.

Mafi yawa na rini ne narkakke a ruwa. Su suka fi sauƙin wankewa, su suka fi yawan launuka, kuma da su ya kamata sabon shiga ya fara. Aibinsu shi ne ruwa na wanke su daga takarda, rana kuma na koɗar da su a hankali. Kashi na biyu na garin launi ne mai laushin gaske da ke yawo a cikin ruwa, kamar Brun Sepia ta kamfanin Platinum ko Document Brown ta De Atramentis. Da zarar sun bushe ruwa ba ya ɗaga su, amma suna son wanki a kai a kai. Na uku su ne na gamin ƙarfe da sinadarin tanin da ake samu a jikin wasu itatuwa, jikokin tawadar da Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana rubutu da ita. Da yawa daga cikin tsofaffin wasiƙun da ake gani ruwan ƙasa a gidajen tarihi da baƙi aka rubuta su, tsufa ne ya juya launin. Na zamani, irin Sepia Black da Khaki Black na Platinum, suna sauka da haske su yi duhu a gaban idonka yayin da iska ke taɓa ƙarfen da ke ciki. Suna da ɗan tsami, don haka ba a barin su su ƙafe a alƙalami.

Batun karkatar launi shi ne inda mutane ke ruɗewa, don abin da ake kira ruwan ƙasa gida ne babba. Akwai masu karkata ga ja: Absolute Brown ta Waterman, wadda a da ake kira Havana, tana da ja a cikinta, kuma tana cikin tawadar da aka sani da ladabi a kusan kowane alƙalami. Brilliant Brown ta jerin 4001 na Pelikan ta fi ta haske, har tana leƙa ruwan lemo. Ancient Copper ta Diamine, kamfanin Ingila da ya faro tun 1864, launin jan ƙarfe ce sak. Akwai masu karkata ga rawaya, kamar Lie de Thé ta Herbin na Faransa, mai kama da tsohon rubutu. Akwai masu toka-toka, irin Cacao du Brésil ta Herbin ɗin da Sepia ta Rohrer & Klingner na Jamus, waɗanda ba su da ɗumin ja ko rawaya ko kaɗan, wasu ma sai an faɗa musu suke yarda ruwan ƙasa ne. Sai masu duhu: Chocolate Brown da Macassar na Diamine, da Yama-guri ta jerin Iroshizuku na Pilot a Japan.

Shawarata ga mai neman kwalba ɗaya tilo ta rubutun yau da kullum ita ce ya ɗauki mai duhu ko matsakaiciya. Masu haske sun fi ɗaukar ido a hoto, amma shafi uku na ƙananan haruffa da su sai ido ya gaji. Duhu ya kamata ka fara dubawa, karkatar launi ta biyo baya.

Mataki na uku: gwaji kafin ka cika

Idan da hali, ka fara da samfurin mililita 2 zuwa 5 da wasu masu sayarwa ke ɗurawa, kafin ka sayi kwalbar mililita 30 ko 50. Kada ka amince da hoton da ka gani a waya. Wannan launi na cikin waɗanda kyamara da fuskar waya suka fi yi wa ƙarya. Haka nan shafa tawada da ake yi da auduga ba ya nuna yadda rubutu zai fito, tawada ce jibge a wuri ɗaya.

Ka tsoma bakin alƙalami mai tsabta a samfurin, ka rubuta layi biyar ko shida a takardar da ka saba amfani da ita, ka bar shi ya bushe sarai. Jiƙaƙƙiyar tawada, in ba mai ƙarfe ba, ta fi busasshiya duhu. Ka duba da hasken rana, sannan ka sake dubawa da dare a ƙarƙashin fitila. Ƙwan lantarki mai rawayan haske yana haɗiye rawayar da ke cikin tawada, sai mai haske ta ƙara dusashewa.

Akwai wani gwaji da nake so ƙwarai. Ka yanki tsirin tishu mai kauri, ka ɗiga tawada kusa da ƙasansa, ka tsoma bakin tsirin a ruwa ba tare da ruwan ya taɓa ɗigon ba. Ruwa zai hau, ya ja rinin ya rarraba su hawa-hawa, sai ka ga rawaya, ka ga ja ko ruwan hoda, wani lokaci ka ga shuɗi ko kore da ba ka taɓa zato ba. Wannan ba wasa ba ne kawai. Idan wani layi mai duhu ya tsaya cak inda ka ɗiga, alama ce cewa ko ruwa ya zube a rubutunka wani abu zai saura da za a iya karantawa. Idan komai ya tashi, ka san matsayinka.

Mataki na huɗu: wanke alƙalami tas

Wanda zai koma baƙa daga shuɗiya zai iya yin wankin je-ka-na-yi-ka, baƙar ta rufe masa asiri. Ruwan ƙasa ba ta rufe komai. Ɗan guntun shuɗi da ya maƙale a magudana zai mayar da ita wani dagwalon kore-kore, guntun baƙi kuma ya kashe mata ɗuminta. Mutum ya yi kwanaki yana zargin kwalba.

Ka cire gangar jikin alƙalamin. Idan mazuƙi gare shi, wato ɗan bututun nan mai murɗawa da ke zuƙo tawada daga kwalba, ka tsoma bakin a kofin ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi kaɗan, ka yi ta zuƙa kana fitarwa, kana canja ruwan, har ya daina nuna launi. Idan kwanson roba yake amfani da shi, wato ɗan bututun da ke zuwa cike da tawada, ka cire kwanson, ka tura ruwa ta bayan mariƙin, wato ɓangaren da yatsu ke riƙewa, da ƙwallon robar nan mai matsawa ko da tsohon kwanso da sirinji. Mai fistin a jikinsa kuwa, wato wanda ke zuƙar tawada kai tsaye cikin gangar jikinsa, murɗa shi za ka yi ta yi a cikin ruwa. Ban da ruwan zafi, yana iya lanƙwasa magudana. Ban da giyar goge-goge da ruwan cire fenti, suna cin roba.

Ruwa ya fito garau ba yana nufin an gama ba. Ka naɗe bakin da tishu, ka tsayar da shi kai ƙasa a kofi ya kwana. Da safe sau da yawa za ka tarar da tabon tsohuwar tawada a tishun. Idan haka ne, ka jiƙa mariƙin da bakin a ruwa na wasu sa'o'i ka maimaita. Mai taurin kai ana sa masa ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwanuka a kofi guda, ko amoniyar gida kashi 1 a ruwa kashi 10, sannan a ɗauraye sosai. Amoniya ba ta shiri da alminiyam, kuma tsohon alƙalami na gado gara a tsaya ga ruwa zalla. Kada ka manta cikin murfi, nan ma tawada na ɓuya.

Ka bar shi ya bushe kafin ka cika. Ruwan da ya rage a magudana zai tsinka layukan farko, ka ɗauka tawadar ce ba ta da ƙarfi.

Mataki na biyar: haɗa ta da bakin da ya dace

Wannan ne zuciyar al'amarin. Baki siriri, mai alamar EF ko F, tawada kaɗan yake saukarwa a layi ɗan mitsitsi. Ido ba ya samun filin ganin launi, don haka mai haske takan fito a raunane, mai duhu sosai kuma ta koma kamar baƙa. Ga irin wannan baki, matsakaiciya mai yalwar rini ce daidai, wadda za ta karantu kuma a gane ba baƙa ba ce. Ka tuna kuma cewa bakin alƙaluman Japan, irin na Pilot da Sailor da Platinum, ya fi na Turai sirantaka a lamba ɗaya. F ɗinsu ya yi kusa da EF na Jamus.

Baki matsakaici, M, ko mai faɗi, B, ko shafaffen nan mai faɗin milimita 1.1, a nan wannan launi ke nuna kansa. Kowane harafi sai ka ga samansa da haske, ƙasansa inda alƙalami ya tsaya ya ɗaga kuma da duhu, domin nan tawada ke taruwa. Wannan hawa da saukar launi a cikin harafi guda shi ne abin da masu son ruwan ƙasa ke nema, kuma masu matsakaicin rini irin Lie de Thé sun fi bayar da shi fiye da masu duhu ƙirin.

Bayan faɗi akwai yawan zuba. Wani alƙalamin mai sakin tawada ne, wani mai maƙo. Tawada ma haka: jerin 4001 na Pelikan an san su da rowar gudu, Iroshizuku kuma da santsi da sakin jiki. Ƙa'idar mai sauƙi ce, ka haɗa mai saki da mai maƙo. Tawada mai rowa a alƙalami mai rowa za ta ba ka rubutu fari-fari mai kartar takarda. Mai gudu a alƙalami mai saki kuma ta yi duhu fiye da kima, ta daɗe ba ta bushe ba.

Wajen cikawa, ka nutsar da ƙarfen bakin gaba ɗaya har gefen mariƙi, in ba haka ba iska za ka zuƙo. Ka zuƙa, ka mayar, ka sake zuƙa a hankali. Ka saki ɗigo biyu ko uku su koma kwalba, ka juya bakin sama ka murɗa baya, sannan ka goge. Layukan farko za su fi duhu don magudana ta ƙoshi. Sai ka cika rabin shafi kafin ka ga ainihin launin, kada ka yanke hukunci kafin nan. Mai amfani da kwanso ya lura cewa ba duka ke shiga juna ba: Lamy da Pilot da Platinum da Sailor da Parker kowa da nasa, kuma launukan da ake samu a kwanso kaɗan ne. Ana iya wanke tsohon kwanso a ɗura masa tawadar kwalba da sirinji mara tsini.

Mataki na shida: takarda

Takarda mai shan ruwa, irin ta injin kwafi mai araha, tana tsotse tawada nan take. Launi ya zama bai ɗaya, gefen haruffa ya yi gashi-gashi, wani lokaci ta ɓullo ta baya. Takarda mai santsi da aka yi don irin wannan alƙalami, kamar Rhodia mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita, ko Clairefontaine mai 90, ko Tomoe River mai 52, tana barin tawada ta zauna a sama ta bushe a hankali, a nan haske da duhun ke fitowa. Kuɗin da za ka biya shi ne jira. Ka gwada: ka ja layi, ka shafa yatsa bayan daƙiƙa 5, wani bayan 10, wani 20, wani 30, ka san lokacinta. Bahago ya fi kowa buƙatar wannan gwajin.

Launin takardar ma yana da hannu. Ana yawan cewa ruwan ƙasa da takarda mai ruwan madara sun dace, kuma gaskiya ne ga masu duhu da masu ja. Amma mai karkata ga rawaya a kan takarda mai rawaya-rawaya narkewa take yi a ciki, bambanci ya ragu. Irin wannan tawada, farar takarda ta fi fito da ita.

Matsalolin da za ka iya tararwa

Wata rana za ka buɗe murfi ka ga wani ɓawo-ɓawo ya taru a kan baki da gefen magudana. Ba funfuna ba ce, rini ne ya ƙafe ya yi tsakuwa. Masu ja da ruwan lemo sun fi yin haka, Ancient Copper ma ta yi suna a kai. Ba ya lalata komai, jiƙaƙƙen tishu na share shi. Idan yana dawowa kullum, murfin alƙalamin ne ke shigar da iska, sai ka mayar da tawadar wani mai rufuwa gam.

Idan launi ya yi ta ƙara duhu bayan mako biyu ko uku, ruwan cikin tawadar ne ke tashi, rini na kauri. Ko ka zubar ka sake cikawa, ko ka riƙa cika rabi idan ba ka rubutu da yawa. Kada ka mayar da ragowar cikin kwalba, ta haka ƙazanta ke shiga.

Idan kwalbar da ka saya ta yi maka duhu, ana iya tsinka ta. Ka ɗebi kaɗan a wata 'yar kwalba daban, ka ƙara tataccen ruwan da aka samu ta tururi, kashi 1 ga tawada kashi 9, ka gwada, ka ƙara in da buƙata. Launin zai buɗe, haske da duhu su ƙaru, amma gudu zai ragu, kuma maganin hana funfuna da ke ciki ya yi rauni, don haka ba a tsinka mai yawa a ajiye. Idan haske ta yi, kafin komai ka gwada ta a alƙalami mai saki. Sau da yawa maganin ke nan.

Gauraya launuka abu ne mai daɗi, ruwan lemo da ɗan shuɗi ko baƙi kan ba da ruwan ƙasa mai kyau, amma da sharaɗi. Ka tsaya ga kamfani ɗaya da jeri ɗaya, ko jerin da aka yi musamman don gauraya irin Mixable na Platinum. Mai duhu ake ɗigawa cikin mai haske, ɗigo-ɗigo, ana rubuta adadi. Ka bar gamin ya kwana biyu a kwalbar gilashi. In ka ga gudaji ko laka a ƙasa, kada ya kusanci alƙalami. Mai ƙarfe da mai garin launi ba a haɗa su da na rini.

Inda za ka yi rubutu da ita, da kulawa

Littafin ajiye tunani, wasiƙa, darasi, gyara a gefen rubutun da aka buga da baƙi, duk ta dace. A gyaran ma tana fitowa fili ba tare da tsawar jan biro ba. Takardun hukuma da na banki da na jarrabawa kuwa galibi baƙa ko shuɗiya ake sharɗantawa, ka bi abin da aka ce. Abin da za a yi wa kwafi, mai haske kan fito a dusashe, sai ka gwada shafi ɗaya tukuna. Adireshin ambulan da duk rubutun da kake so ya daɗe, mai garin launi ko mai ƙarfe za ka ɗauka. Don ka san ƙarfin taka, ka bar rubutu ya kwana, ka ɗiga masa ruwa. Ka kuma rufe rabin wani rubutun da kwali ka ajiye a taga wata guda, ka kwatanta ɓangarorin biyu. Da yake gamin rini ce, ba lallai rinin su koɗe tare ba, sai ka ga ba haske kaɗai ta yi ba, launin ma ya sauya.

Mai rini, wanki sau ɗaya a wata ɗaya ko biyu ya isa, da kuma duk lokacin canja launi. Mai garin launi da mai ƙarfe, duk mako biyu zuwa huɗu, kuma ka riƙa rubutu da alƙalamin kusan kullum. Alƙalami mai jiki garau da ake ganin cikinsa, masu ja kan iya barin masa tabo idan sun daɗe. Kwalba kuma a rufe ta gam, a ajiye cikin kwalinta nesa da rana da zafi. Kafin kowace cikawa ka leƙa ciki: in ka ga yauƙi, ko wani abu na yawo a sama, ko warinta ya canja, ka zubar da ita, ka wanke duk alƙalamin da ya sha daga cikinta kafin ka kai shi wata kwalbar.